An Auna Miji, An Ɗinka Wa Mata

Da a ce wani tela zai auna maigida, ya ɗauki tsawonsa da faɗin kafaɗarsa da kaurin wuyansa, sa'an nan ya yanka yadi ya ɗinka wa uwargida riga bisa wannan awo, in an yi magana ya ce ai duk gida ɗaya ne, to, ba mai sake kai masa ɗinki a garin. Amma ga abin mamaki, irin wannan aiki ne manyan masana na duniya suka yi shekara da shekaru suna yi a ɗakunan bincike da asibitoci da ofisoshin lissafi, ba kuwa wanda ya tashe su daga kasuwa. Sun auna namiji, sun rubuta a littafi cewa wannan shi ne awon ɗan Adam. Daga wannan littafi ake yanka wa kowa maganinsa, da kujerar motarsa, da rabonsa cikin kuɗin gwamnati. Muna so mu jawo hankalin masu karatu da hukumomi ga wannan al'amari, domin kuskuren da aka yi a kan takarda yakan bi mace har cikin ɗakinta.

Kada mai karatu ya zaci misali kawai muke bugawa, gama akwai wannan namiji a rubuce. A shekarar 1975 wata hukumar ƙasashen duniya mai kare mutane daga illar hasken nan da ke ratsa jiki, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, ta bayyana siffar mutumin da za a riƙa yin lissafi da jikinsa. Namiji ne, Bature, mai shekara 20 zuwa 30, nauyinsa kilo 70, tsawonsa santimita 170. Daga baya an ƙara awon mata da na yara, amma tunanin da ya haifi wannan mutum ya riga ya yaɗu ko'ina, watau a ɗauka cewa mace namiji ce da aka rage wa girma kaɗan.

A wajen magani ne abin ya fi tsanani, kuma a nan za mu fi daɗewa. Mu faɗi gaskiya, asalinsa ba mugunta ba ce, tsoro ne, tsoron kuwa yana da dalili. A shekarar 1957 wani kamfani a Jamus ta Yamma ya fitar da wani maganin barci mai suna Talidomaid, aka riƙa ba mata masu ciki shi domin laulayi. Kafin a janye shi a ƙarshen 1961, an haifi jarirai fiye da 10,000 a ƙasashe dabam-dabam da naƙasa, waɗansu ba hannu, waɗansu ba ƙafa. Amurka ta tsira daga mafi yawan wannan masifa ne saboda wata likita mai suna Frances Kelsey, ma'aikaciyar Hukumar Abinci da Magunguna ta ƙasar, wadda ta ƙi sa hannu a sayar da shi sai an kawo mata hujja. Duniya ta firgita ƙwarai. Saboda haka a 1977 wannan hukuma ta ba da umurni cewa kada a sa duk macen da ke cikin shekarun haihuwa a matakan farko na gwajin sabon magani, ko da ba ta da aure, ko da tana shan maganin hana ɗaukar ciki.

To, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. A waɗannan matakai na farko ne ake gane yadda jiki ke karɓar magani, da saurin da yake fitar da shi, da yawan da ya kamata a sha. Da aka hana mata shiga, sai aka tsai da awo bisa jikin maza. Da magani ya fito kasuwa kuwa ba a ce na maza ne kaɗai ba, kowa aka sayar wa. Watau macen da aka hana a gwada maganin a kanta ƙarƙashin idon likita, ita ce ta koma tana gwada shi a kanta a gida, ba mai duba ta, ba mai rubuta abin da ya same ta. Shekara 16 aka yi a haka. Sai a 1993 aka soke umurnin, majalisar Amurka kuma ta kafa doka cewa duk binciken lafiyar mutane da babbar cibiyar binciken lafiya ta gwamnati za ta biya kuɗinsa, lalle ne a sa mata a ciki.

Ga abin da ya faru da asfirin, maganin da ba gidan da bai san shi ba. A 1982 aka fara wani babban bincike a Amurka don a ga ko shansa kaɗan-kaɗan yana kare mutum daga bugun zuciya. Mutum 22,071 aka sa, dukansu likitoci, dukansu maza. Aka ga ya rage bugun zuciya da kashi 44 cikin 100, labari ya bazu a duniya. To, mata fa? Sai da aka jira har 2005 kafin a sami amsa, bayan an bi mata 39,876 har wajen shekara goma. Amsar kuwa ta sha bamban. A jimlar matan, asfirin bai rage bugun zuciya ba, sai ga waɗanda suka kai shekara 65. Abin da ya rage musu shi ne shanyewar ɓarin jiki. A tsawon shekarun da ke tsakanin binciken biyu, likita mai son ya taimaki mace ba shi da abin dogara sai sakamakon maza. Muna tunasar da mai karatu a nan cewa asfirin yana iya jawo zubar jini a ciki, ba abin da mutum zai ɗora wa kansa kullum ba ne sai da izinin likita.

Haka nan wani maganin barci da ake sayarwa da sunan Ambien. An yarda da shi a Amurka a 1992, awo ɗaya ga maza da mata. Sai a farkon 2013, bayan shekara 20, hukumar ta rage wa mata awonsu daga miligiram 10 zuwa 5, domin an gane cewa bayan awa takwas da shansa, kimanin mata 15 cikin 100 suna da saura a jininsu wanda ya isa ya hana su tuƙin mota lafiya, alhali maza 3 ne kawai cikin 100 suke haka. Masana sun yi gardama a kan ko bambancin daga halittar mace yake, ko kuwa daga ƙarancin nauyinta. Ko wanne ne, matar da ta tashi da safe ta kama sitiyari da magagi ba ta san da wannan gardama ba. A 2001 kuma ofishin da ke bin diddigin ayyukan gwamnati domin majalisar Amurka ya duba magunguna 10 da aka janye daga kasuwa tun daga 1997, ya tarar 8 daga cikinsu sun fi cutar da mata. Huɗu daga cikin takwas ɗin dama mata aka fi rubuta wa, saboda haka ba abin mamaki ba ne. Amma sauran huɗun kowa na sha, maza da mata.

Kai, har ɓerayen da ake gwaji da su ba su tsira daga wannan wariya ba. Wani nazari da aka buga a 2011 ya nuna cewa a fannin binciken ƙwaƙwalwa, ayyukan da aka yi da dabbobi maza zalla sun ninka waɗanda aka yi da mata zalla fiye da sau biyar. Hujjar masu binciken ita ce wai jikin ta mace yana canzawa da zagayowar kwanakinta, zai dagula musu lissafi. Da aka zo aka auna wannan zato shi kansa, sai aka tarar ɓeraye mata ba su fi maza sauye-sauye ba. Ko da ma a ce sun fi, ai wannan dalili ne na a ƙara bincikensu, tun da jikin da ke canzawar shi ne zai sha maganin. Sai a 2016 cibiyar binciken lafiya ta Amurka ta wajabta wa masu neman kuɗinta su lura da jinsin dabbobin da suke aiki da su.

Ciwon zuciya kuwa an daɗe ana ɗaukarsa ciwon maza, alhali yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a duniya. Mafi yawan mata ma da ciwon ƙirji yake zo musu, kamar maza, amma sau da yawa yakan haɗo da tashin zuciya, da sarƙewar numfashi, da ciwon baya ko muƙamuƙi, da wata irin gajiya, sai a ce mata ai gyambon ciki ne, ko damuwa. Masana a Jami'ar Leeds ta Ingila sun duba bayanan marasa lafiya kusan 600,000, suka bayyana a 2016 cewa yiwuwar a kuskure gane bugun zuciya a karon farko ta fi yawa ga mace da kashi 50 cikin 100 a kan namiji. Har gwajin jinin da ake tabbatar da ciwon da shi, an sa masa iyaka ɗaya ga kowa, alhali abin da ake nema a cikin jinin ya fi ƙaranci a jikin mace. Da likitoci a Edinbara suka gwada sa wa mata iyakarsu dabam, a binciken da suka buga a 2015, yawan matan da aka gane suna da bugun zuciya ya tashi daga kashi 11 zuwa 22 cikin 100. Rabin masu ciwon ke nan da tsohon awo zai sallama su koma gida.

Wani zai ce duk wannan labarin Turai da Amurka ne, ina ruwanmu? Ruwanmu kuwa har wuya, gama magungunan da ke kantunanmu a can aka gwada mafi yawansu. Akwai ma wanda ya shafe mu fiye da kowa. Kimanin rubu'in masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke, kuma mace mai ciki tana cikin waɗanda ya fi yi wa illa, ita da abin da ke cikinta. Tun farkon shekarun 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a koma ga sababbin magungunan nan da ake haɗawa da sinadarin tazargade, waɗanda ake sha kwana uku a gama. Kowa ya samu, ban da mace mai ƙaramin ciki na wata uku na farko. Ita aka bar ta da kwinin, sau uku a rana har kwana bakwai, ga ɗaci, ga jiri, ga ƙarar kunne, ga laulayin da take fama da shi dama. Mata da yawa ba su iya gama shi. Dalilin hanawar shi ne an ga sabon maganin ya yi wa 'yan tayin dabbobi illa a gwaji, wannan kuwa abin tsoro ne na gaskiya. Amma tun da ba a sa masu ciki a gwaje-gwajen ba, sai aka rasa hanyar tabbatar da tsoron ko kore shi. Daga ƙarshe hujjar ta fito ne daga matan da suka sha maganin kafin su san suna da ciki, aka bi bayansu aka tattara abin da ya faru. Aka tarar bai fi kwinin haɗari ba. A watan Nuwamba na 2022 hukumar ta yarda a ba masu ƙaramin ciki ɗaya daga cikin waɗannan magunguna. Wajen shekara 20 ke nan na jira, a kan cutar da ba ta jiran kowa.

Mu koma kan mota. Kafin a sayar da mota a ƙasashen da ake ƙera ta, sai an ɗaura wani mutum-mutumi a kujera an gwabza motar da bango, a ga abin da zai same shi. Wanda aka fi aiki da shi an ƙera shi a 1976, bisa awon matsakaicin namiji, tsawonsa wajen santimita 175, nauyinsa wajen kilo 78. Da aka ce a kawo na mace, sai aka ɗauki wannan ɗin aka rage shi ya koma kilo 49, girman mafi ƙanƙantar mata, ba a kula da cewa ƙugun mace da wuyanta da yadda take matsowa kusa da sitiyari duk sun bambanta da na namiji ba. A gwajin da gwamnatin Amurka ke ba motoci taurari da shi, sai a 2011 aka fara sa wannan ƙaramin a karon gaba da gaba, a nan ma a kujerar fasinja aka ajiye shi. A wannan shekarar ce masana a Jami'ar Virginia suka nuna cewa in mace da namiji suka yi haɗari iri ɗaya, kowa yana tuƙi ya kuma ɗaura bel, yiwuwar mugun rauni ta fi yawa ga macen da kashi 47 cikin 100. Wani bincike na kamfanonin inshora a 2021 ya ce babban rabo na wannan bambanci daga irin motar yake, domin mata sun fi tuƙa ƙanana, kuma sun fi zama waɗanda ake buga wa. Mun yarda da wannan. Amma shi ma ya tarar cewa ko an cire wannan, raunin ƙafa ya fi samun mata. Sai a 2022 wata injiniya a Suwidin, Astrid Linder, ita da abokan aikinta, suka nuna mutum-mutumin da aka ƙera tun daga tushe bisa jikin matsakaiciyar mace. Motocin da ke zirga-zirga a titunanmu kuwa, mafi yawansu tsofaffi ne da aka shigo da su, an ƙera su kafin wannan.

A can Suwidin ɗin dai, akwai wani gari mai suna Karlskoga wanda labarinsa ya isa ma'aikatan ƙananan hukumominmu su saurara. A 2011 ma'aikatan garin suka zauna duba ayyukansu don su ga ko suna amfanar maza da mata daidai, har aka zo kan sharar dusar ƙanƙara daga hanyoyi lokacin hunturu. An saba fara share manyan titunan mota, a bar hanyoyin ƙafa sai daga baya. Da aka duba waɗanda ke bin kowace hanya, sai aka ga maza sun fi shiga mota, mata kuwa sun fi tafiya a ƙafa da shiga bas, suna tura keken jarirai, suna kai yara makaranta, su ne kuma suka fi zamewa su karye. Aka juya tsarin, aka fara da hanyoyin ƙafa. Ba a ƙara ko kwabo a kuɗin aikin ba. Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da rijiyar burtsatse da ake haƙawa inda ya fi wa motar ɗan kwangila sauƙin isa, ba a tambayi masu ɗaukar tulu ba.

Wannan ya kawo mu ga babban littafin da gwamnatoci ke dubawa kafin su raba kuɗi, watau lissafin arzikin ƙasa. Tun a 1920 wani masanin tattalin arziki na Ingila, Arthur Pigou, ya lura da wani abin dariya: in mutum ya auri matar da yake biya albashi tana kula masa da gida, arzikin ƙasa ya ragu a lissafi, ko da yake aikin da take yi jiya shi take yi yau. A shekarun 1940 wata masaniya, Phyllis Deane, ta je Rodeshiya ta Arewa da Nyasaland, watau Zambiya da Malawi na yau, domin ta lissafa arzikinsu. Da ta ga matan ƙauye suna yini wajen itace da daka da girki, sai ta ce ba hankali a bar wannan a waje. Ba a bi ra'ayinta ba sa'ad da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara ƙa'idar lissafin a 1953. A nan Nijeriya ma an taɓa gwadawa. Turawa biyu, Prest da Stewart, waɗanda suka lissafa arzikin ƙasar nan na 1950 zuwa 1951, sun so su sa hidimar da matan aure ke yi a gida, amma da suka rasa mudun da za su auna ta da shi, sai suka ɗauki dukiyar aure suka ce ita ce kuɗin aikin. Duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san wannan mudu bai kama hanya ba. Da Pius Okigbo ya sake lissafin, wanda aka buga a 1962, sai ya cire abin gaba ɗaya. A 1993 an gyara ƙa'idar duniya ta karɓi ɗiban ruwa da itace, amma girki da reno da jinyar tsofaffi suna waje.

Girman abin da aka bari a wajen ba kaɗan ba ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bayyana a 2018 cewa mata ke yin kashi 76 cikin 100 na aikin kula da gida da ba a biya, kowace mace awa 4 da minti 25 a rana in an raba daidai, namiji kuwa awa 1 da minti 23. Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a 2016 cewa mata da 'yan mata suna ɓatar da awa miliyan 200 kowace rana wajen ɗiban ruwa kawai. Aikin da ba ya cikin littafi ba a ware masa kuɗi. Shi ya sa famfo da murhu marar hayaƙi da injin niƙa sukan zo a ƙarshen jerin buƙatu, in ma sun zo.

A ƙasar Hausa kuma akwai wani ƙarin ɓoyo. Ban da aikin gida, matan aure suna da sana'o'in da ke kawo kuɗi tsaba: ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, fura, daddawa, ƙosai, ɗinkin hula, kitso, kiwon awaki, saye da sayar da hatsi, ga adashin da ke riƙe da jarin. Wata masaniya daga Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta rubuta yadda ciniki mai yawa ke gudana daga gida zuwa gida a hannun matan kulle, yara ne 'yan aike, har ta kira shi ɓoyayyen ciniki. A wurinmu ai ba ɓoyayye ba ne, kowa da shi ya girma. A wurin takardar gwamnati ne yake ɓoye. Malamin ƙidaya namiji ne, iyakarsa zaure. Maigida zai fito, a tambaye shi aikin matarsa, ya ce tana gida, ba ƙarya ya yi ba kuwa. Malam ya rubuta "matar aure", ya wuce gida na gaba. Ranar da za a raba rancen sana'a ko taki ko iri, da wannan takarda za a yi aiki, matar da ta aurar da 'ya'ya uku da kuɗin man gyaɗa kuwa an riga an rubuta ba ta da sana'a.

Mafi ciwo duka shi ne ko mutuwar mata wajen haihuwa ba mu ƙirga ta yadda ya kamata. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya ce mata 512 ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa sun ƙiyasta 993 a shekarar 2023, watau mata kimanin 75,000 cikin 260,000 da suka rasu ta haka a duniya duka. Wannan tazara ta samu ne domin duka biyun ƙiyasi ne, kowa da hanyarsa. Binciken ƙasa yakan tambayi mace 'yan'uwanta mata nawa suka rasu, kuma ko suna da ciki ko jego sa'ad da abin ya faru, daga nan a yi lissafi. Dole ce ta sa haka, tun da binciken 2018 ɗin ya nuna haihuwa 39 ne kawai cikin 100 ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa ba su kai 20 ba. Wadda ta rasu a gida da asuba, kafin azahar an kai ta makwancinta, ba littafin da ya san da ita.

Mun kuwa taɓa ganin amfanin ƙirgawa a nan ƙasarmu. Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa a Zariya suka rubuta bayanin haihuwa 22,774 ɗaya bayan ɗaya, aka buga sakamakon a 1985. Ya nuna a fili cewa matan da ba su je awon ciki ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su, su ne ke mutuwa da yawa, haka nan ƙananan 'yan mata da matan da suka yi haihuwa barkatai, kuma ilmin mace yana da hannu babba wajen tsirarta. Wannan aiki na cikin waɗanda suka farkar da duniya kafin taron kare lafiyar uwa da aka yi a Nairobi a 1987. Ingila kuwa tun 1952 take bincika mutuwar kowace mace mai ciki ko jego a asirce, ba don a hukunta kowa ba, sai don a gane inda aka yi sake.

Ba muna cewa masana su daina aiki da matsakaicin awo ba, ba kuma faɗa muke haɗawa tsakanin maza da mata ba. Maza ma sukan faɗa irin wannan rami: cutar nan mai sa ƙashi ya yi rauni an fi bincikenta a jikin mata, saboda haka tsofaffi maza da yawa ba a gane suna da ita sai sun karye. Mun san kuma bincike da mutane iri biyu ya fi tsada. Amma kuɗin da aka yi tattali a ɗakin gwaji, magidanci ne ke biyansa a asibiti ranar da matarsa ta kwanta.

Abin da muke roƙo ba ya fin ƙarfin hukumominmu. Hukumar NAFDAC tana da ikon ta tambayi duk mai kawo sabon magani mata nawa aka gwada shi a kansu, da abin da ya same su dabam da na maza, ta kuma riƙa raba rahoton illar magunguna haka. Jami'o'inmu da asibitocin koyarwa kada su karɓi aikin ɗalibi a kan mutane in bai nuna sakamakon maza da na mata kowanne a gefensa ba. Hakimai da dagatai da masu unguwa sun san duk gidan da aka yi rashi, ungozomomi kuma sun san dalili, saura a ba su littafi da wanda zai zo ya karɓa. Magidanta kuma, in ma'aikaciya mace ta zo da takardar gwamnati, a bar ta ta shiga ta ji daga bakin mai ɗakin, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da Hukumar Ƙididdiga kuma, ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta, bayan ta 2006 ta riga ta tsufa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ya kamata a ɗebi mata daga kowace gunduma, malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da ɗaliban manyan makarantu, a horar da su, yadda kowace ƙungiyar masu ƙidaya za ta fita da wadda za ta iya wuce zaure. A kuma gyara tambayar. In aka ce wa matar aure "Mene ne aikinki?" za ta ce ba ta aiki. A tambaye ta abin da ta yi jiya tun daga asuba har ta kwanta, da abin da ta sayar a makon nan, da tulu nawa aka ɗebo a gidan, da wanda ya ɗebo.